Rezon Makarantunmu: A Daina Ƙirga Sanduna, A Fara Rubuta Lamba

Kowace makarantar boko a gundumar Madarumfa tana da ofis, ko da ofishin bai wuce teburi ɗaya da tsohon kabad a ƙuryar aji ba. Kuma kowane ofis yana da waya. A wasu wurare akan ga irin wayar nan ta ɗorawa bisa tebur, mai ƴar eriya a bayanta, wadda ake sa wa layi kamar salula. A mafi yawan ƙauyuka kuwa wayar aljihun darakta ce ta zama wayar makaranta, shi ke sayen kiredi, shi ke neman inda zai yi caji. Ta nan ake kiran taro, ta nan ake aika wa sufeto adadin ɗalibai, ta nan uwa ke tambaya ko ɗiyarta ta iso lafiya.

Kukan rezo kuwa, wanda ƴan'uwanmu na Jibiya da Katsina ke kira sabis, ba ya ƙarewa a bakinmu. "Rezo ya ɗauke." "Na kira ka har sau biyar." Darakta ya faɗa wa sufeto haka, sufeto ya ɗauka uzurin wanda bai aiko da rahoto kan lokaci ba ne. Uba ya faɗa wa malami, malami ya rantse wayarsa a buɗe take tun asuba. Mai yiwuwa kowa gaskiya yake faɗa, amma babu mai shaida a hannu. Ra'ayina shi ne kowace makaranta ta buɗe ɗan littafi na musamman, ta riƙa rubuta ƙarfin rezon wayar ofishinta da yadda kira ke shiga, kamar yadda take rubuta sunan yaron da ya zo da wanda bai zo ba. Mu da muka ƙware wajen kiran suna kowace safiya bai kamata wannan ya gagare mu ba.

Bari in fara da sandunan nan da ke saman fuskar waya, waɗanda muke ɗaga hannu sama muna ƙirgawa. Babu wata ƙa'ida ta duniya da ta yanke abin da sanda huɗu ke nufi. Kowane kamfanin ƙera waya shi ke zaɓar inda sanda ta biyu za ta ƙare da inda ta uku za ta fara. Ka ajiye Tecno da Samsung a tebur ɗaya, da layin kamfani ɗaya a cikinsu, kana iya ganin wannan na nuna uku waccan na nuna biyu. Saboda haka in malami ya ce "sanda biyu gare ni", bai faɗa wa injiniya kome ba.

Amma a cikin wayar akwai lamba ta gaskiya. A manyan wayoyin Android, in ka shiga Paramètres, ka gangara zuwa À propos du téléphone, ka nemi inda aka yi bayanin halin da layin ke ciki, za ka tarar da ƙarfin sigina an rubuta shi da alamar ragi a gabansa da haruffan dBm a bayansa, misali -78 dBm ko -104 dBm. Sunayen wuraren kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, sai dai lambar tana nan. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: ka ɗauke ta kamar bashi. Wanda ake bi 70 ya fi wanda ake bi 110 barci mai daɗi. A kiran murya na yau da kullum, daga -70 zuwa -85 magana na fita tangaran. Wajen -95 an fara shiga rigima. In ta wuce -105, to kiran ya zama na sa'a. Lambar 4G kuwa bisa wani ma'auni dabam ake lissafa ta, takan fito ƙasa da ta 2G a wuri guda, har -100 a 4G ana iya aiki da shi. Don haka duk wanda zai rubuta lamba sai ya rubuta irin rezon a gefenta.

Akwai wani abu a cikin wannan lissafi da zai burge malaman lissafi na kwaleji. Tsanin ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa ba. Duk ragin 10 na nufin ƙarfin ya ragu ninki goma. Daga -75 zuwa -85 ninki goma ne, zuwa -95 ninki ɗari, zuwa -105 ninki dubu. Wato tsakanin bakin ƙofar makaranta da ƙuryar ofis mai rufin kwano, taku ashirin kacal, sigina na iya raguwa ninki goma ko fiye, alhali sanda ɗaya ce ta ɓace a fuskar waya. Malamin da ke fama da koya wa yara lambobin da ke ƙasa da sifiri ga darasi nan a aljihunsa, ba sai ya kawo misalin sanyin ƙasar Faransa da yaran ba su taɓa ji a jikinsu ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan rubutawa shi ne, abin da muke haɗawa mu kira "babu rezo" cututtuka ne dabam-dabam, kowace da maganinta. Ba a gane wace ce ke damun makaranta sai an kalli lambar na tsawon makonni.

In lambar kullum tana ƙasa, safe da yamma, rani da damina, to nisa ne tsakaninku da dogon ƙarfen kamfani, wanda muke kira antan, ko kuma wani abu ya tare hanya. Rufin kwano na tarewa, bangon siminti mai ƙarfe a ciki na tarewa, itatuwa masu duhuwa ma na rage shi, balle da damina in ganye ya cika kuma ya jiƙe. Makarantar da ke cikin kwari kusa da gulbi, ko wadda ke bayan dajin Baban Rafi, ba za ta ga abin da ta kan tudu ke gani ba. Wannan ita ce cutar da makaranta ke iya rage wa kanta zafi: a matsa da wayar tebur kusa da taga mai fuskantar antan, a sa mata eriyar waje bisa dogon itace in tana da wurin sawa, ko a gwada layin wani kamfani.

In kuwa lambar na da kyau, -75 ko -80, amma kira ya ƙi shiga, to cunkoso ne. Kowane antan yana da iyakar kiran da zai ɗauka a lokaci guda. Ranar kasuwa, daren sallah, bayan isha'i lokacin da kowa ya kama waya, ko sa'ad da baƙi suka cika gari don ziyarar kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da tafki, hanya kan cika, wanda ya zo daga baya sai ya jira. A nan hawa bisa katanga ko ɗaga waya sama ɓata lokaci ne. Kamfani kaɗai ke iya faɗaɗa hanyar, kuma ba zai faɗaɗa ba sai ya ga dalili.

Wani lokaci lambar kan ɓace gaba ɗaya na wasu awoyi, sannan ta dawo daidai yadda take a da. Wannan galibi wuta ce. Antan na aiki da lantarki ne, ko na Nigelec, ko janareto, ko batura da faifan hasken rana, kuma in batura sun gaji ko gas ya ƙare sai ya yi shiru. Mun san wannan a jikinmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya, wadda ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta a lokacin, ta katse wutar a farkon Agusta, ba a maido da ita ba sai Maris 2024. Da a ce makarantunmu suna da irin wannan littafi a waɗannan watanni, da yau muna da tarihin abin da rashin wuta ya yi wa sadarwar ƙauyuka, awa bayan awa. Abin da ya rage mana yanzu shi ne "ai an sha wuya".

Sai cutar da ta fi zama tamu, mu mutanen bakin iyaka. Sigina ba ya tsayawa a shingen kwastan na Dan Isa. Waya in an bar ta ta zaɓa da kanta, da rezon gida ya yi rauni sai ta kama wanda ta samu, ko da antan ɗin yana tsaye ne a ƙasar Katsina. In layinka yana da damar aiki a waje, shi ke nan ka zama matafiyi kana zaune a ofishinka, ana cire maka kuɗin kiran ƙasar waje. Kiredin da kwamitin makaranta ya tara da kyar ya narke cikin kwana biyu, a fara kallon darakta da wani ido. Abin da ke ƙara rikita mutane, Airtel na aiki a ƙasashen biyu, don haka suna kaɗai ba ya isa kullum. A wayoyin da ke nuna lambar shaidar rezo, na Nijar na farawa da 614, na Najeriya da 621. Maganin bai wuce minti ɗaya ba: a shiga wurin zaɓen rezo, a kashe zaɓen kai tsaye, a zaɓi kamfanin gida da hannu. Iyakar tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. A Satumba 2021, da hukumomin Najeriya suka rufe sadarwa a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Jibiya, don yaƙi da ƴan bindiga, mutanen bakin iyaka da yawa layukan Nijar suka koma nema. Antan ɗin da aka kafa don mutanen ƙauye ɗaya yana iya wayar gari yana ɗauke da kiran ƙasa biyu.

Kiran WhatsApp, wanda yanzu shi ne rabin aikin ofis, yana da tasa matsalar. Murya a nan ana yanka ta ne gutsi-gutsi, a aika ta intanet, a sake haɗa ta a can. In wasu gutsattsarin sun ɓace a hanya sai ka ji kalmomi na tsinkewa. In sun iso ba a jere ba sai murya ta koma kamar ta mai magana cikin tulu. In sun yi jinkiri sai ku riƙa cin karo da juna, kowa na cewa "ina jin ka, ci gaba". Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na sakan, in ana son hira ta tafi ba tare da an lura ba. Wayar darakta ba za ta nuna masa waɗannan alƙaluma ba, kuma ba ya bukatarsu. Ma'aunin da injiniyoyi suka daɗe suna amfani da shi wajen auna daɗin murya a waya asalinsa kunnen mutum ne: a tara mutane su saurara, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5, a fitar da matsakaici. Ba da maki kuwa sana'armu ce. Biyar in murya ta fita kamar kuna ɗaki ɗaya, uku in sai an maimaita, ɗaya in an haƙura an kashe.

To me za a rubuta? Sau uku a yini ya isa: da safe lokacin ɗaga tuta, lokacin hutun tara, da lokacin tashi. A wuri ɗaya kullum, da waya ɗaya, in ba haka ba lambobin ba za su kwatantu ba. A layi guda a sa kwanan wata da awa, sunan kamfanin da ya fito a fuskar waya, ko 2G ne ko 3G ko 4G, sai lambar dBm. In an yi kira a wannan rana a rubuta sau nawa aka gwada kafin ya shiga, ko ya yanke a tsakiya, da makin murya. A ƙarshen layi a bar ɗan fili don abin da ido ya gani: an yi ruwa, akwai ƙura, ranar kasuwa ce, babu wuta a gari. Makarantar da wayarta ƙarama ce mai maɓallai, wadda ba ta nuna lamba, ta rubuta sauran, domin yawan kiran da ya shiga cikin waɗanda aka gwada shi ma ma'auni ne da kamfanoni da hukuma ke aiki da shi. Layi 15 ke nan a mako. Cikin zango ɗaya na karatu an tara wajen 180.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Malamin da ke riƙe da aji mai yara fiye da ƙima, ɗan kwantaragi da ke jiran ɗan abin da ake ba shi, shi za a ƙara wa wani littafi? Ba aikin hukuma ba ne? Aikinta ne, babu shakka. Tun 2018 muna da ARCEP, wadda ta gaji ARTP, kuma doka ta ɗora mata sa ido a kan kamfanoni huɗu da ke ƙasar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ta gaji Orange, da Niger Telecoms ta gwamnati, wadda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da Sahelcom. Ba kuma a ce tana zaune ba ne. A 2017 an ci tarar kamfanonin sama da biliyan 3 na sefa saboda rashin ingancin aiki, a Yuli 2023 aka sake cin tarar su huɗun sama da biliyan 4. Amma a duba yadda irin wannan awo ke gudana a ko'ina: ma'aikata su zo da mota da na'urori, su zaga na ƴan kwanaki, su koma. Mota na bin hanyar da mota ke iya bi. Ba ta kwana a ƙauyen da ke bayan gulbi cikin Agusta, ba ta nan ranar da batura suka mutu da ƙarfe goma na safe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ƙauyukanmu babu wata ma'aikatar gwamnati da ke buɗe kusan kullum, da mai ilimi a cikinta, kamar makaranta.

Batun nauyi kuwa, minti biyu ne sau uku. Ba dole ne darakta ya yi da hannunsa ba. Ɗalibin ajin ƙarshe na firamare ko na kwaleji zai iya, a gaban malami, ana karɓa-karɓa kamar yadda ake yi da sharar aji. Yaron da ya yi wata guda yana cika wannan shafi ya koyi karanta jadawali da fitar da matsakaici fiye da yadda allo zai koya masa.

Wani kuma zai ce, in an rubuta ɗin wa zai karanta? A nan ne iyaye suka shigo. Takardar makaranta ɗaya ba za ta motsa kowa a Yamai ba, na yarda. Amma muna da tsarin da aka riga aka gina: kowace makaranta tana da kwamitin CGDES, wanda har yanzu da yawa ke kira COGES, akwai ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata, kuma kwamitocin suna da tarayyarsu a matakin kwamin. A ce makarantu talatin daga Gabi, Safo, Sarkin Yamma, Jiratawa, Dan Isa da Madarumfa sun kawo shafukansu a ƙarshen zango, wani malamin lissafi ya tattara su a shafi biyu, aka miƙa ta hannun sufeto da hukumomin kwamin zuwa ga kamfanin da abin ya shafa da kuma ARCEP. Wasiƙar da ta ce "rezo ba shi da kyau a yankinmu" ana iya amsa ta da godiya a ajiye. Wadda ta ce a makarantu kaza, cikin kwana kaza, kira kaza cikin ɗari bai shiga ba, kuma mafi yawa tsakanin ƙarfe kaza da kaza, tana nuna wa injiniya antan ɗin da zai je ya duba. Haka nan lokacin da ake zaɓen ƙauyukan da za a kai wa sadarwa, irin shirin nan da Bankin Duniya ya amince ya sa wa dala miliyan 100 a 2020, ƙauyen da ke da alƙaluma a rubuce ya fi mai kuka da baki abin faɗa.

Kuma ko babu wanda ya amsa daga sama, littafin ya biya kuɗinsa tun a makon farko. Makaranta ta san layin wane kamfani ya kamata ta saya, maimakon bin wanda ya fi yin talla. Ta san daidai inda za a tsaya a cikin fili in ana neman kira ya shiga, har a iya kafa dutse ko a shafa farar ƙasa a wurin. Iyaye sun san awar da ta fi dacewa su kira. Sufeto ya daina zargin wanda bai kamata ba.

Wannan wurin tsayawa da na ambata shi ne ya fi damuna, fiye da rahoto da kiredi. Ba mu manta ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, da gobara ta tashi a azuzuwan zana a Maradi ta ci rayukan yara sama da 20, Allah Ya jiƙansu. Ba waya ce ta jawo wannan ba, amma azuzuwan zana suna nan birjik a ƙauyukanmu, kuma lambar 18 ta ƴan kwana-kwana ko 17 ta ƴan sanda ba ta da amfani ga wanda ke gudu yana neman inda zai samu sanda ɗaya. A 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, kuma irin wannan sanarwa ta waya take isa ƙauye kafin takarda. Ga maciji, ga yaron da ya faɗi a aji, ga labarin an ga baƙin fuskoki bisa babura a bakin daji. A irin wannan lokaci ba a gwaje-gwaje. Ya kamata kowane malami da ke makarantar, har da sabon da aka turo jiya, ya riga ya san inda zai tsaya da layin da zai kira da shi.

Saboda wannan batu na tsaro ne kuma nake jan hankali a kan inda littafin zai tsaya. Kada a rubuta lambar wanda aka kira ko sunansa, ba a bukatarsu. Kada kuma wani ya ɗauki hoton taƙaitaccen sakamakon ya watsa a dandalin WhatsApp don nuna ƙwazo. Jerin ƙauyukan da waya ba ta shiga, da awoyin da take ɗaukewa, bayani ne da masu satar mutane da shanu za su so su samu. Ya tafi hannu da hannu, daga darakta zuwa shugaban kwamiti, zuwa sufeto, zuwa waɗanda ke da ikon gyarawa.

Littafi mai shafi 100 ya isa shekara guda har da saura, kuma kuɗinsa bai kai na kiredin da ke ƙonewa a kiran da ke yankewa cikin mako ɗaya ba. A taron CGDES na gaba, lokacin da ake tsara ayyukan shekara tsakanin gyaran benci da sayen zana, wani uba ko wata uwa ta ɗaga hannu ta nemi a sa shi cikin jerin, a kuma faɗi sunan malamin da zai riƙe shi.